Na'urar Da Ba Ta Ganin Mai Babbar Riga

Tun daga yadda Baffa Ubale ya banko ƙyauren gidan, Juwairiyya ta san babu lafiya. Tana tsugune a bayan ɗakin girki tana juya kifin da take banda, hayaƙi ya cika mata ido, amma ta hango shi ya cire hula ya jefar a kan tabarma.

"Hindu, fito min da kwallar nan."

Inna, mahaifiyar Juwairiyya, ta fito tana gyara ɗankwali. "Sannu da hanya, Malam. Wace kwalla?"

"Ta goro da alewar mutanen Tudun Wada. Jibi zan mayar musu da kayansu da hannuna."

Kifin da ke hannun Juwairiyya ya faɗa cikin toka.

Baffa Ubale ƙanin mahaifinta ne, kuma tun rasuwar mahaifin nata shi ne mai ba da aurenta. Mako biyu ke nan da iyayen Abdulmumin, saurayinta, suka kawo kayan na-gani-ina-so. Yau kuma ita ce ranar da Baffa ya ware don zuwa bincike Tudun Wada, inda Abdulmumin yake da shagon gem, wasan nan da ake bugawa a talabijin.

"Me ka jiyo, Malam?" in ji Inna.

"Ba ji na yi ba, gani na yi. Limamin unguwarsu ya yabe shi. Mai shayin bakin titi ya yabe shi. Na ce to bari in ga yaron a wurin sana'arsa. Muka tarar da ƙofa a rufe, rana tsaka. Na leƙa ta taga." Ya yi huci. "Hindu, daga shi sai singileti da gajeren wando. Shi kaɗai. Yana naushin iska. Ya yi tsalle, ya durƙusa, ya miƙe, ya kai duka hagu, ya kai dama. Yana zagi, yana cewa kun cuce mu, Allah ya isa. Babu kowa a ɗakin nan. Na duba sau biyu."

Inna ta dafe ƙirji tana salati a hankali.

"Ko iska ce, ko ƙwaya ce, ni dai ban sani ba. Amma ba zan ɗauki 'yar ɗan'uwana in kai ta gidan da za a riƙa ɗaure mijinta da igiya ba."

Juwairiyya ba ta san lokacin da ta fito tsakar gida ba. Ta durƙusa nesa da shi, kanta a ƙasa.

"Baffa, ka yi haƙuri. Gem ne."

"Ke za ki koya min gem? Na ga yara a kan benci, kowa da abu a hannu yana dannawa. Wannan hannunsa babu ko tsinke."

"Baffa, wa ya kai ka?"

"Mujitaba. Allah ya yi masa albarka, ya bar shagon takinsa ya ɗauke ni a mashin har can. Shi ma kansa ya kama baki. Ya ce bai taɓa ganin irin wannan ba sai a wurin 'yan ƙwaya."

Mujitaba ɗan maƙwabcinsu ne, sau biyu yana aiko mata da zancen aure tana mayar da shi.

"Baffa, ai ka san shi ma..."

"Na san me? Ban ce ki auri Mujitaba ba, ban ce ki auri kowa ba. Na ce wannan dai a'a." Ya nuna gabas da hannu, wajen ruwan Tiga. "Gidanmu na can ƙarƙashin ruwa, da gonarmu, da kabarin kakanninki. Da tabarma muka taso nan. Abin da ya rage mana ku ne. Ba zan yi wasa da ke ba."

Ya ɗauki hularsa ya fice. Inna ta shiga ɗaki ta jawo kwallar ta ajiye a bakin ƙofa, ba ta kalli 'yarta ba.

* * *

Sai bayan la'asar Juwairiyya ta samu ta kira shi. Ta zaga bayan rumbu da wayar. Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Juwai, yanzu nake shirin kiranki. Wallahi yau raina a ɓace yake. Kin ji abin da mutanen nan suka yi mana?"

Bai jira amsarta ba.

"Shekara guda muna jiran taron nan nasu. Masu ƙera na'urar gem nake nufi. An hau dandamali, an kunna fitilu, muna zuba ido a faɗa mana yadda sabon gem ɗin ƙwallo zai fito. Sai wani ya fito yana murmushi, wai an gama zamanin danna maɓalli. Wai yanzu jikinka ne hannun gem. Ka tsaya gaban kyamara ka yi ta tsalle. Ɗaya kamfanin ma ya biyo sahu. Awa biyu babu abin da aka nuna sai rawa da dambe."

"Uhm."

"Shagona taku shida ne, Juwai. Mutum takwas ke zama a bencina. Wannan abar mutum ɗaya sai ya cinye ɗakin, ya kuma fasa wa na kusa da shi hanci. Waɗanda suka ƙera ta sun taɓa shiga ɗakin kwano da rana? Na aro ɗaya wurin abokina Uzairu a Kano don in gwada in nuna wa mutane a bidiyo. Kin san abin da ya fi ƙona min rai? Ba ta ganin mutum cikin jallabiya. Na tsaya ina ta ɗaga hannu kamar mai tsayar da mota, ko gezau. Sai da na tuɓe na koma daga ni sai singileti sannan ta yarda ni mutum ne. Ai kuwa na wanke su tas."

"Abdulmumin."

Nan take ya san akwai matsala. Tun da suke tare Yaya Abdul take ce masa.

"Yau wace rana ce?"

"Yau... Laraba."

"Me na ce maka game da Laraba?"

Ba ta jira ya tuna ba, ta ci gaba.

"Sau uku na faɗa maka. Ranar Asabar na faɗa, ranar Litinin na faɗa, jiya ma da safe na turo maka saƙo. Na ce Baffa zai zo. Na ce ka sa kayan kirki, ka buɗe ƙofa, ka share shagon. Me ka ce min? Ka ce in kwantar da hankalina."

"Innalillahi. Juwai, ya zo?"

"Ya zo. Ya tsaya a tagarka. Ya gan ka kusan tsirara kana dukan iska kana zagin bango."

"Wallahi na manta. Tun da na ga sanarwar nan kaina..."

"Ka manta." Hawaye suka zubo mata, ta share da gefen hijabi da ƙarfi. "Taron Turawa ba ka manta da shi ba. Shekara guda kana ƙirga masa kwana. Ni da na yi wata bakwai ina lallashin Inna ta yarda mai shagon gem ma mai sana'a ne, ni aka manta. Ka san me ake ce min a bakin famfo? Amaryar mai wasan yara. Na haɗiye. Na ce ba su san ka ba ne. Ashe ni ce ban san ka ba."

"Kar ki ce haka."

"Su mutanen da ka zaga, sun ji ka? Sun san akwai wani gari Tudun Wada? Suna can suna cin abincinsu. Ni ce aka fito wa da kwalla bakin ƙofa."

"Kwalla?"

"Jibi za a mayar muku da kayanku. Baffa ya ce ko mahaukaci ne kai ko ɗan ƙwaya."

Ya yi salati. Can ya ce, "Ya aka yi ya zo daidai lokacin? Minti ashirin kacal na rufe ƙofar."

"Mujitaba ya kai shi."

"Mujitaba yana bin shafina na intanet. Tun safe na rubuta cewa ƙarfe sha biyu zan gwada ta." Muryarsa ta tashi. "Wallahi in na kama yaron nan..."

"Ka gani ko? Ka sake komawa. Ka kama shi ka yi masa me? Ka nausa kamar iskar? Mujitaba bai tuɓe maka riga ba, Abdulmumin. Bai sa zagi a bakinka ba."

Ta kashe wayar. Ya sake kira sau tara, ba ta ɗauka ba. Ta zauna a gindin rumbun ta yi kuka har kifin da ta bari ya ƙone ta gefe guda.

* * *

Washegari da hantsi ta ji ƙarar mashin biyu a ƙofar gida. Ta je ta leƙa ta ramin zanar da ta raba zaure da cikin gida.

Abdulmumin ne. Ya sa babbar riga fara ƙal, da hula, irin shigar da ba ta taɓa ganinsa da ita ba sai da Sallah. Ɗan acaɓa na sauke talabijin da ƙaramin janareta. Baffa yana zaune a zaure cikin 'yar sharar zuwa ruwa da wando naɗe zuwa gwiwa, yana ɗinkin komarsa.

Abdulmumin ya cire takalmi tun daga nesa ya durƙusa.

"Baba, ina kwana. An tashi lafiya?"

"Lafiya." Baffa bai ɗago ba.

"Baba, na yi laifi. Ka zo wurina ban tarbe ka ba, ka kuma gan ni a yanayin da bai dace ba. Ban zo musu ba. Alfarma ɗaya nake roƙo, ka ga abin da nake yi jiya da idonka. In ka gani ka ce a'a, ni da kaina zan ɗauki kwallar."

Baffa ya ja zare ya ƙulla. "Ba na hana mutum magana a ƙofata. Yi abin da ya kawo ka."

Kafin a gama haɗa wayoyi maƙwabta sun fara taruwa. Juwairiyya ta hango Mujitaba ya jingina da mashin ɗinsa, hannu a aljihu. Ta ciji leɓe har ya yi mata zafi.

Janareta ya tashi. Talabijin ya kawo. Abdulmumin ya ɗora wata 'yar baƙar aba mai ido a samansa, ya ja da baya taku uku. A cikin gilashin ga filin dambe, ga wani ƙato tsaye ya sauke hannuwa.

"Baba, wannan idon yana kallon mutum. Duk abin da na yi, wancan na ciki zai yi."

Ya ɗaga hannun dama. Ƙaton bai motsa ba.

Ya ɗaga na hagu. Ya naɗe hannun rigar zuwa kafaɗa, ya sake ɗagawa. Rigar ta zame ta sauko. Ƙaton na nan tsaye kamar an dasa shi.

Juwairiyya ta gane matsalar. Ta tuna maganar jallabiya. Shi ma ta ga ya tuna, don gumi ya fara tsattsafo masa a goshi. Ya zaci naɗe hannun riga zai wadatar.

Ya matsa gaba, ya matsa baya. Ya kai naushi ɗaya a iska, sannan biyu. Wata tsohuwa ta ja jikarta baya. Wani ya ce a hankali, "Ai ga shi nan ya fara."

"Malam Abdul, ko a kawo ruwan rubutu ne?" in ji Mujitaba. Aka yi dariya.

Juwairiyya ta ga jijiyar wuyan Abdulmumin ta miƙe. Ta san wannan jijiyar. Ta runtse ido tana jiran ya fashe.

Bai fashe ba. Ya sunkuya ya goge idon na'urar da gefen rigarsa, ya koma ya sake gwadawa.

"Wannan ita ce sana'ar da za a ci da 'yar mutane?" Mujitaba ya ƙara. "Gara mai tallan iska a leda."

Abdulmumin ya juya ga Baffa. "Baba, ka ƙara min minti ɗaya."

"Kana ɓata wa dattijo lokaci," in ji Mujitaba, yana kallon jama'a yana jin daɗin dariyar. "Cire rigar mana. Kai ma ka san ba ta ganin mutum cikin babbar riga. Tuɓe ka koma singiletinka irin na jiya."

Hannun Baffa ya tsaya a kan komar.

Abdulmumin ya kalli rigarsa, ya kalli talabijin, ya kalli Baffa. Juwairiyya ta san lissafin da yake yi. In ya tuɓe, na'urar za ta gan shi, kowa zai ga gaskiyarsa. Amma zai tsaya da singileti a gaban wanda yake neman ya zama surukinsa, a ƙofar gidansu, a gaban mata. Haushinsa da tausayinsa suka cakuɗe mata har ta rasa wanne ya fi yawa.

Ya sauke hannuwansa.

"Baba, gaskiya ya faɗa. Sai na cire riga za ta yi. Ni kuwa ba zan tuɓe a gabanka ba. Jiya ka gani ban sani ba. Yau ina sane. Na kasa nuna maka. A fito min da kwallar."

Juwairiyya ta toshe bakinta da hijabi.

Baffa ya ajiye komar ya miƙe. "To kashe min wannan ƙarar, kana tara min mutane." Ya ratsa ta gaban talabijin ɗin ya ɗaga hannu yana korar jama'a. "Ku kuma ku watse, ba biki ake ba."

Ƙaton da ke cikin gilashin ya ɗaga hannu.

"Malam Ubale, dubi bayanka," in ji tsohuwar.

Baffa ya juya. Ƙaton ya juya. Baffa ya sauke hannu a hankali, ƙaton ya sauke. Ya ɗan karkata hagu kamar mai leƙa ƙasan kwalekwale, wancan ma ya karkata.

Jama'a suka matso kusa.

Baffa ya ware ƙafa, ya murɗa ƙugu ya watsa hannu irin yadda yake jefa koma a ruwa. Ƙaton ya kai wani lafiyayyen duka, abokin karawarsa ya zube warwas. Jama'a suka ɗauki shewa.

Baffa bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon gilashin, sannan ya juyo.

"Mujitaba."

"Na'am, Baba."

"Zo nan."

Ya matso, hannunsa ya fita daga aljihu.

"Ka ce ba ta ganin mai babbar riga. A ina ka sani?"

"Baba, ai... ji na yi ana faɗa."

"Jiya a bakin tagar nan na tambaye ka, na ce Mujitaba mene ne wannan. Me ka ce min?"

Mujitaba ya kau da kai.

"Ka ce ba ka taɓa gani ba sai a wurin 'yan ƙwaya. Na ce mu ƙwanƙwasa, ka ce kar ya ji mana ciwo. Ka tsayar da ni a tasha kusan awa guda wai mashin ya yi zafi, sai da ka duba agogo muka tashi." Muryar Baffa ta yi ƙasa, kuma duk wanda ya san shi ya san nan ne fushinsa yake. "Da furfurata ka ɗauke ni ka yi farauta da ni. Na sa maka albarka a gaban iyalina. Ka gaida mahaifinka, ka ce ina nan zuwa."

Mujitaba ya hau mashin. Sai da ya buga sau huɗu ya tashi.

Abdulmumin ya sake durƙusawa. "Na gode, Baba. Allah ya ƙara girma."

"Kar ka yi saurin godiya." Baffa ya koma mazauninsa ya ɗauki komar. "Na yarda ba ka da iska, ba ka shan komai. Amma zagin da na ji da kunnena ba na'ura ce ta yi shi ba. Mutanen da ke bayan teku, ba su san ka ba, sun canja maka abin wasa, ka tsine musu har kumfa na fita a bakinka. To ranar da 'yata ta ƙona maka tuwo fa? Ita tana ɗaki ɗaya da kai. Za ta ji."

Abdulmumin ya sunkuyar da kai. Bai kare kansa ba.

A bayan zana Juwairiyya ta ji kamar daga cikin ƙirjinta Baffa ya ɗauko tambayar.

"Amma yau an ci mutuncinka sau uku a ƙofar nan, ina ƙirgawa, ba ka rama ba. Ka kuma gwammace ka rasa yarinyar a kan ka tuɓe a gabana." Ya ja zare. "Ban san wanne ne kai ba, na jiya ko na yau."

Ya ɗaga murya. "Hindu."

"Na'am, Malam."

"Mayar da kwallar nan ɗaki. Kar ki kai ta ƙuryar gado, ajiye ta kusa."

Juwairiyya ta riga Inna isa wurin. Ta ɗauki kwallar da hannu biyu, nauyinta ya sa ta tangaɗi. Wayarta ta yi ƙara a cikin zani. Ta san saƙonsa ne, daga taku goma kacal. Ba ta duba ba. Bai gama biyan haushin Laraba ba, kuma tana so ya sani.

Tana bakin ƙofar ɗaki ta jiyo muryar Baffa daga zaure.

"Kwashe kayanka ka tafi. Zan sake zuwa shagon naka."

"To Baba. Wace rana, in shirya?"

"Ba zan faɗa maka ba. Ita ma ba zan faɗa mata ba."